Wa Za Ka Kira, Likita?

Tsohuwar ba da wata manufa ta faɗa ba. Tana kwance a gadon da ke jikin taga a ɗakin mata, ta miƙo hannun hagu, ƙashi da fata, tana jira a sa mata ƙarin ruwa. Likitan ya ɗaure mata damtse da roba, yana shafa bayan hannun da babban yatsa, sai ta tambaye shi ina abokinsa, gajeren nan mai yawan dariya da ya duba ta wancan zuwan. Ya ce ya tafi aiki ƙasar waje.

"Allah sarki. Dama an ce masu ƙoƙarin suke tsincewa." Ta dube shi da tausayi irin na uwa. "Kai ma ka dage da karatu, ɗana. Wata rana sai ka ga an dace."

Allurar ta huda jijiyar ta wuce. Wurin ya kumbura. Ya zare, ya danna auduga, ya ba ta haƙuri, ya koma ɗaya hannun, nan ma ya kuskure. Kowa a asibitin ya san dalilin da ya sa ake ce masa Jijiya. Jaririn da gudawa ta tsotse, mai ƙibar da aka yi ta soka har ya fara zagi, wanda jini ya ƙare masa, duk shi ake nema, ya zo ya shafa sau ɗaya ya sa. Ranar kuwa sai da aka kira Babbar Nas ta ƙarasa masa.

Ya wuce ɗakin likitoci ya wanke hannu, ya daɗe yana wankewa. A bayan ƙofa akwai ƙusoshin da suke rataye fararen riguna. Da suka zo daga makaranta suna da yawa, har faɗa ake kan ƙusa. Yanzu rigarsa ce kaɗai, sai wata da Sarkin Barci, abokin nan nasa da ya tafi, ya manta, da tabon tawada a aljihu. A nan tsaye tsoron ya shige shi: ashe ba zama ya yi ba, barinsa aka yi. An zo an tsince, shi ne ya rage a gindin kwando.

Jijiya ɗan tela ne. Tun bai kai tsawon keken ɗinki ba Baba ya sa shi kalmasa bakin riga da hannu, ya ɗaga ɗinkin a hasken ƙofa, in ya ga taku ɗaya ya fi ɗan'uwansa faɗi ya farke duka. Da wannan hannun ya shiga makarantar likitanci. Katanga ɗaya ta raba gidansu da gidan su Sarkin Barci, ta kanta iyayensu mata ke miƙa wa juna gishiri da labari. Tare suka shiga, tare suka fito, amma kowa ya san wa ya ja wani. Sunan ma ba a banza aka laƙaba wa abokin ba: malami na bayani, shi ya jingina kai da bango, baki buɗe, sai Jijiya ya zungure shi. Jijiya ne ya koya masa ɗaurin zaren tiyata a ƙafar kujera, da zaren da ya ɗebo a shagon Baba, aka yi ta fama kamar ba za a iya ba. Ranar farko da suka shiga ɗakin tiyata, ana tsaga ciki Barci ya yi luu zai faɗi, Jijiya ya tare shi ya ja shi waje, ya ce wa mutane bai karya ba ne.

Da suka fara aiki ma ba ta sake zane ba. Barci ya ce kansa na ciwo, Jijiya ya riƙe masa ɗakin haihuwa. In ya leƙa ya same shi a miƙe kan benci, ido rufe, abin sauraro a kunne, sai ya yi dariya ya ja masa ƙofa. Daga baya ya gane ba barci ba ne. Darussan jarrabawar ƙasar waje yake ji. Wannan ya fi komai ci masa rai: da lokacinsa aka yi karatun, da ƙafafunsa, da bayansa mai ciwo. Ranar rakiya kuma shi ya ɗauki babbar jakar.

Daga nan hotuna suka fara sauka a zauren waya na 'yan ajinsu. Barci a wata doguwar baranda mai sheƙi, ba mara lafiya ko ɗaya kwance a ƙasa. Barci da katin aiki a wuya. Barci ya yi kumatu. Jijiya ba ya tanka komai a zauren, amma ba hoton da bai buɗe ba, ya ja shi da yatsu ya ƙara girma, ya duba agogo, ya duba takalmi, yana neman abin da zai nuna ana shan wuya. Bai taɓa samu ba. Wata rana Barci ya turo ɗan bidiyo: wata na'ura kamar tocila, an haska hannun mutum da ita, jijiyoyi suka fito raɗau kamar an zana su da biro. A ƙasa ya rubuta, "Jijiya, a nan an yi maka ritaya." 'Yan aji suka yi ta dariya. Shi ma ya tura tasa dariyar, sannan ya kife wayar ya zauna a bakin gado, ko takalmi bai cire ba.

A gida kuma ga Gwaggo, mahaifiyar Barci. Hawan jini ke damunta, Jijiya ke duba ta kamar yadda ya saba. Takan shigo da yamma da na'urar awon da ɗanta ya aiko, ta zauna a tabarmar Umma, ya auna, ya ce ta rage gishiri ta ƙara rabin ƙwaya da safe. Sai ta gyaɗa kai, ta zaro waya, ta ce, "To bari mu ji abin da likita zai ce." Ta kira, Barci ya maimaita mata abin da aka faɗa ba ragi ba ƙari, ta ce madalla, yanzu hankalinta ya kwanta. Umma na gefe tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago kai. Bayan Gwaggo ta fita takan ce, "Auta, abincinka na nan a rufe," da wata murya mai laushi wadda ta fi zagi zafi a kunnensa.

Ba ƙin asibitinsu yake ba. Ya san gadon da ƙafarsa ke rawa, ya san tagar da ba ta rufuwa, ya san inda ake buga injin tsotsar majina in ya ƙi tashi. Abin da ke firgita shi Babban Likita ne, dattijon da ya zo asibitin da baƙin gashi, ga shi ya yi fari fat a kujera ɗaya. Gurbin ƙarin karatu ba ya fitowa, in ya fito an riga an san mai shi. Sama ba ta motsi sai wani ya mutu ko ya ajiye aiki. A lokacin zagayen marasa lafiya Jijiya yakan tsura wa ƙeyar dattijon ido, ya ga kamar tasa ce.

Sai ya kama karatu a ɓoye, ko Umma bai gaya wa ba. Ya ci jarrabawar harshe, ya ci ta rubutu, ya bi ta bayan fage ya gano makinsa ya fi na Barci, ya ji daɗin wannan kwana biyu. Ya yi ta neman aiki, asibiti bayan asibiti. Wasu ko amsa ba su yi ba, wasu suka ce ba shi da gogewa a irin tsarinsu. Shi da ya sha ciro jarirai daga ciki da hasken waya.

Barci ne ya kira da kansa. Ya ce wani ɗan aji ya tsegunta masa, kuma ya ji haushin ɓoye-ɓoyen. Ya ce an buɗe gurbi a sashensu na haihuwa, ƙaramin matsayi ne amma daga nan kowa ke farawa, ya riga ya yi wa shugabar sashen magana, za a gana da shi ta kwamfuta. Ya ce a can ba a tsufa a kujera ɗaya. Ka yi shekara a nan, ka ga wani gari ya fi maka, ka tattara ka koma, kuma kowa ya san abin da zai yi a ɗaga shi. Ya kuma faɗa masa gaskiya, shekararsa ta farko ɗibar jini da rubutu kawai ya yi, ko maganin ciwon kai bai isa ya bayar ba sai ya tambaya, har ya taɓa shiga banɗaki ya yi kuka. Jijiya ya ce Allah sarki, amma wani sanyi ya ji a ransa, wanda daga baya ya ji kunyarsa. Ya yi godiya. Da ƙyar ta fito, kamar ana zare ƙaya.

Suka shiga atisaye ta waya ranakun hutu, Barci ne malami. Ka daina ce wa mara lafiya mama. Ka daina kallon ƙasa in babba na magana, za su ɗauka kana ɓoye wani abu. Abu ɗaya kuwa ya fi nanatawa.

"Duk abin da suka jefo maka, mace na zubar da jini ne, jariri ya ƙi numfashi ne, kafin ka nuna musu iyawarka ka ce za ka kira na gaba da kai. Tun da wuri. Shi suke jira su ji."

"In kira wa? Aljani? Ka manta ranar da na kira Babban Likita, ya ce in ba zan iya ba in mayar wa makaranta takardarsu?"

"Can ke nan, mutumina. A nan wanda bai kira ba shi ake tsoro. Ba gwani suke nema ba, wanda ba zai kashe musu mutum shi kaɗai a ɗaki ba suke nema."

Jijiya ya yi tsaki ya ce ya ji. Sannan, don dai ya san tsarin, ya tambaya wane ne na gaban a sashen, wanda ƙaramin likita ke kira. Sai ya ji 'yar dariyar nan ta Barci, irin ta wanda aka kama.

"Ai an ɗan ɗaga ni kwanakin baya. Ban sa a zaure ba. Yawancin ranaku dai, ni ne."

Jijiya ya ce ma sha Allah, ya taya shi murna yadda ya kamata. Da suka ajiye waya ya fita tsakar gida ya tsaya a gaban katangar nan, yana jin ƙarar kwanukan Gwaggo a ɗaya gefen. Ya gwada faɗin maganar a hankali: zan kira na gaba da ni. Ba ta da wuya. Amma duk sanda ya faɗa sai ya ga kansa tsaye a kan mace tana zubar da jini, hannunsa ya san abin yi sarai, shi kuwa ya ɗauki waya yana neman izinin mutumin da ya kusa suma a ɗakin tiyata.

Da hantsi aka sa ganawar. Babbar Nas kaɗai ya gaya wa, don ofishinta ne kawai ke da ƙofa mai kulluwa da layin waya mai ƙarfi. A shekaru ta isa ta haife shi, ta ga zuwan likitoci da tafiyarsu har ta daina zuwa rakiya. Ba ta ce ya tafi ba, ba ta ce ya zauna ba. Ta kawo sabon zanen gado ta rataya a bayansa don ya rufe inda fenti ya ɓare, ta gyara masa wuyan riga, ta ce, "Zauna daidai, Likita, ka karkace kamar buhu." Ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa daga waje, tana korar masu neman makullin ɗakin magani.

Mutum biyu suka bayyana a fuskar kwamfutar: wata mai furfura da tabarau, ita ce shugabar, da wani namiji da ba ya ɗago kai, rubutu kawai yake. An fara lafiya. Ya dube su ido cikin ido. Can sai shugabar ta ce, a ce yana sashensu, mace ta haihu, jini ya ƙi tsayawa, numfashinta ya fara sauri. Me zai yi?

Maganar na bakinsa, ya ji ta. Sai ya tuna Barci na nan cikin ginin, wataƙila a bayan bangon da yake gani, da katinsa a wuya. Ya ce wannan ba sai an yi misali ba, ya taɓa samunsa. Ya ba su labarin matar da aka kawo a bayan mota bayan ta haihu a gida, zanenta ya jiƙe har yana ɗiga. Yadda ya sami jijiya a hannu biyu lokacin da ba a jin bugun komai. Yadda ya murza mahaifa, ya ba da allura, ya ciro guntun mabiyiyar da ya maƙale. Yadda jinin ya ƙi duk da haka, kuma babu kayan da littafi ya ce, sai ya haɗa safar hannu da robar fitsari, ya cika da ruwa a cikin mahaifa har ta toshe. Yadda ya ɗinke yagar, taku daidai da taku. Yana magana muryarsa na ƙara buɗewa. Bai taɓa ba da labarin da daɗi haka ba.

Shugabar ta saurara har ƙarshe, ta ce aiki ne mai kyau. Sannan ta cire tabarau.

"A wane mataki ka nemi taimako?"

Dama ce ta sake ba shi, ya kuma gane.

"Ban nema ba," ya ce. "Kuma matar ta tashi. Da ƙafarta ta koma gida."

Mai rubutun ya ɗago kai karon farko, ya dube shi, ya koma ya rubuta wani abu gajere. Shugabar ta ce ta fahimci halin da yake aiki a ciki, amma a kan sashensu take tambaya. Sai a lokacin ya ce eh, a can, in hali ya yi, zai sanar da na gaba. Shi kansa ya ji yadda ta fito, kamar gaisuwar dole.

Sauran tambayoyin bai san yadda ya amsa su ba. A ƙarshe shugabar ta yi murmushi don ta sassauta, ta ce abokinsa na yawan ambatonsa, ya ce shi ya koya masa ɗaurin zare a ƙafar kujera.

"Haka ne," in ji Jijiya. "Ya daɗe bai iya ba."

Wasa ya so ya yi. A ɗakin likitocinsu da an kwashe da dariya. Nan ba wanda ya dara. Shugabar ta mayar da tabarau, ta yi godiya, ta ce za su sanar da shi. Fuskokin suka ɓace, ya rage yana kallon tasa a baƙin gilashi, da zanen gado a bayansa.

Babbar Nas ta shigo ta sauke zanen tana ninkewa. Ƙofar ba ta da kauri, ya san ta ji komai. Ta maƙale zanen da haɓa ta ƙarasa ninkin.

"Matar nan ta bayan mota," ta ce, "mai koren zane. Ni dai abin da na tuna, tun daga bakin asibiti kake ƙwala min kira, har masu gadi suka zaci gobara ce. Ni na danne cikin, ungozoma ta riƙe maka fitila, direban ya ba da jini. Muryarka sai da ta dishe." Ta ɗora zanen a kan kabad. "Amma wataƙila wata matar kake nufi."

Ita ce. Kuma ba da gangan ya yi ƙaryar ba, abin da ya fi tsorata shi ke nan. Ya sha ba wa kansa labarin, kullum yana jera shi da barandar Barci mai sheƙi, har a hankali kowa ya fice daga ɗakin ya rage shi da hannunsa. Da gaskiya kawai ya faɗa, da sun sami amsar da suke nema.

Barci ya kira da yamma, bai ɗauka ba. Ya sake kira, ya ɗauka. Tambayar farko ita ce ko ya faɗa musu zai kira na gaba. Jijiya ya ce ya faɗa, a ƙarshe-ƙarshe. Barci ya ce sun haɗu da shugabar a baranda, ta gaishe shi kamar kullum, ba ta ce komai ba, shi kuma ba ya cikin masu yanke shawara. Ya ce akwai wasu masu neman gurbin, amma kada ya damu. Bai taɓo maganar zaren ba. Jijiya bai sani ba ko ya ji ko bai ji ba, kuma ba shi da bakin tambaya. Kafin su rabu Barci ya ce, "Wallahi in ka zo ni zan riƙa kiranka, ba kai ba." Da zuciya ɗaya ya faɗa. Wannan ma ta yi wa Jijiya zafi: ko a kirki an riga shi.

Labari dai ya tsallako katanga. Gwaggo ta gaya wa duk layin cewa Auta zai tafi aiki a ƙarƙashin ɗanta. Umma ba ta tambaye shi dalilin ɓoye mata ba, sai dai ya tarar an sauko da babbar jaka daga saman kabad, an kakkaɓe, an shanya. Baba, da idonsa ya yi rauni, ya kira shi ya auna masa kafaɗa da igiyar awo, wai zai ɗinka masa riga mai kauri. Ya ce a gaya masa ranar tafiya da wuri, hannunsa ba kamar da ba.

Jijiya na zuwa aiki. Hannunsa ya dawo daidai, ana nemansa kamar yadda aka saba. Wayar na aljihun farar rigarsa, duk sanda ta motsa sai ya yi saurin zarowa, ya ga 'yan aji ne. In suka ce a'a, zai tsufa a asibitin nan da sanin cewa da bakinsa ya ɓata. Ɗayar amsar ma ba ta bar shi ya huta ba, don akwai ranar da zai ɗauki waya ya ce wa Sarkin Barci ya zo ya duba masa. Yakan gwada faɗin hakan yana wanke hannu. Wani lokaci ta fito, wani lokaci ta maƙale.

Sun ce za su sanar da shi. Har yanzu ba su sanar ba.